Rigar Roba ga Karen Farauta a Hunturun Arewacin Saudiyya: Inda Take Amfani da Inda Take Cutarwa

Da zarar Murabba'aniyya ta kama, kwana 40 ɗin nan na tsananin sanyi da mutanen ƙasar nan ke ƙirgawa daga farkon Disamba, mazaunin Makka ko Jidda ba ya sanin halin da 'yan uwanmu na Tabuk da Jauf da Turaif da Ha'il suke ciki. A can akwai daren da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da sifili, wata shekarar Dutsen Lauz ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, ruwan da ya kwana a bokiti ya wayi gari da ɓawo a kansa. Lokacin ne kuma kakar farauta take tsaka, ruwan hunturu ya taru a kwaruruka da ƙananan tafkunan daji. Cikin masu ciyar da karnukan farauta, su yi musu wanka, su kwana kusa da su a istiraha, wato gidan hutu na bayan gari, ko a gona, akwai Hausawa, wasu haifaffun nan, wasu neman halali ya kawo su. Su ne maigida zai miƙa wa leda da wata 'yar falmaran ta roba da ya sayo ta intanet, ya ce a sa wa kare. Babu bayani, sai takardar da ke ciki, ita ma da Turanci.

Rigar nan tana da amfani na gaske, kuma tana iya halaka kare in aka sa ta ba bisa sani ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata wanda zai zuge zif ɗin da hannunsa ya san abin da yake yi.

Robar da ake ɗinka ta da ita sunanta niyofirin. Masanan kamfanin DuPont na Amurka ne suka haɗa ta a 1930. A 1952 wani masanin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, ya ɗauki nau'inta mai kumfa ya yi rigar masu nutso a teku, irin wadda ake gani yau a shagunan kayan nutso na Jidda da Yanbu. Daga baya maharba agwagin daji na Amurka da Kanada suka yanka wa karnukansu irinta. Aikin karnukan nan daban yake da namu. Kare zai zauna awanni a cikin kwalekwale ko cikin ciyayin bakin tafki bai motsa ba, a harbo tsuntsu, ya faɗa ruwan da wani lokacin ƙanƙara ke yawo a samansa, ya ɗauko, ya dawo ya sake zama a jiƙe. Domin wannan zaman da wannan ruwan aka yi rigar.

In ka yanka ta ka duba bakin yankan za ka ga cike take da ƙananan ƙwayoyin iska, kowace a rufe take, ba ta buɗewa cikin 'yar uwarta. Shi ya sa ba ta shan ruwa irin na soso. Iskar da ke kulle a ciki ita ce ke tare zafin jiki, domin zafi ba ya ratsa iska da sauƙi, alhali ruwa yana janye shi kusan ninki 25 fiye da iska. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya kaɗan, ya ɗara na mutum, kuma rigar ba ta ƙara masa ko ɗigo. Wanda jikinsa ya samar ne take riƙe masa.

Mutane da yawa suna zaton tana hana ruwa shiga. Ba ta hanawa. Ruwa yana shiga ta wuya da ta hammata ya jiƙa gashi. Sai dai in ta manne a jiki, ɗan ruwan da ya shiga nan yake tsayawa, jiki ya ɗumama shi sau ɗaya, kumfar robar ta tsare ɗumin. In kuwa ta yi sako-sako, duk bugun ruwa ɗaya da kare zai yi sai sabon ruwan sanyi ya kwararo ta wuya ya kori mai ɗumin ta baya. Jiki ya sake ɗumama wani, a sake kore shi. Karen da rigarsa ta yi masa yawa bai tsira da komai ba, ga nauyin ruwan da ta ɗebo yana ja, ga bakinta da ke lilo yana iya sarƙewa da reshe a ƙarƙashin ruwa.

A arewacin ƙasar nan ma ba cikin ruwan aka fi cutuwa ba. Yawancin tafkunan da ruwan sama ke bari ba su da zurfi ko faɗi, 'yan mintoci kare ya shiga ya fito. Fitowar ce abin tsoro. Kowa ya san abin da ke sa ruwan randa sanyi: gumin da take yi ta waje iska ke busarwa, busarwar kuma tana tafiya da zafi. Jiƙaƙƙen karen da aka zaunar a bayan a-kori-kura da asuba, iskar arewa tana dukansa, haka yake hucewa. A nan rigar niyofirin ta fi nuna amfaninta, domin iska ba ta ratsa ta, kuma ta rufe ƙirji da gadon baya, inda zuciya da huhu da ƙoda suke.

To, amma wane kare? Wannan tambayar ce ya kamata a fara yi tun kafin a biya riyal ɗaya.

Kamfanoni suna yanka rigunan ne a kan jikin Labrado da ire-irensa, karnukan ɗauko tsuntsu. Kakannin Labrado karnukan masunta ne a tsibirin Niyufanlan na Kanada, a Biritaniya aka gyara irinsa a ƙarni na 19. Gashinsa hawa biyu ne, na ƙasa mai laushi da cunkoso, na sama mai maiƙo da ke zamar da ruwa, ga kitse a ƙarƙashin fata, ga ƙirji zagayayye da ya tafi kusan daidai har ƙugu. Lafiyayyen Labrado matashi zai shiga yawancin ruwanmu ya fito ya girgije ba tare da riga ba. Masu buƙatarta su ne tsoho, da ramamme, da wanda ya tashi daga ciwo, da wanda za a bari yana jira a jiƙe cikin iska, sai kuma karnukan nuna tsuntsu masu gajeren gashi, waɗanda ba su da abin da zai tare musu sanyi.

Saluƙi kuwa, wanda shi ne karen farautar Larabawa tun fil'azal, batunsa daban. Gashinsa siriri ne hawa ɗaya, kitse babu, saboda haka ya fi kowa jin sanyi, kuma nan ne mutane suke ruɗewa su ce ai shi ya fi cancanta da rigar. Duba ƙirarsa tukuna. Ƙirjinsa mai zurfi ne, matsattse ta gefe, cikinsa ya ɗage sama ya tsuke a ƙugu. Rigar da ta shiga ƙirjinsa za ta yi hamma a ciki, wadda ta kama cikin kuma ta shaƙe ƙirjin. Sannan aikinsa gudu ne a busasshiyar ƙasa a bayan zomo, gudun da kan haura kilomita 60 a awa, kafaɗa tana miƙewa iya miƙewarta, baya yana lanƙwashewa yana buɗewa. Roba a jikin mai wannan gudun dabaibayi ce, kuma tana dafa shi. Ra'ayina a fili yake: kada a saki saluƙi da niyofirin. Abin da yake buƙata busasshiyar rigar bargo ce da dare da kafin a sake shi, irin wadda makiyayan nan suka saba lulluɓa masa, in kuma ya jiƙe a goge shi da tawul nan take.

Haka wanda yake Jidda ko Jazan ba shi da hujjar sayenta. Ruwan Bahar Maliya a can ko a tsakiyar hunturu ba ya sauka ƙasa da digiri 20.

In an tabbatar kare yana buƙata, sai awo. A tsayar da shi da ƙafa huɗu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kai a miƙe, wani ya riƙe shi. A ɗauki tef ɗin tela a zagaya ƙirji a inda ya fi kauri, wato daf da bayan ƙafafun gaba. A zagaya gindin wuya, inda ya haɗu da kafaɗa, ba can sama kusa da kunne ba. A zagaya ƙugu a gaban ƙafafun baya, sannan a auna tsawon baya daga gindin wuya zuwa ƙarshen haƙarƙari. Tef ya kwantar da gashi amma kada ya nutse cikin nama. In babu tef, igiya ta isa, a ƙulla alama a auna ta daga baya. Teburin awon da ke shafin masu sayarwa yawanci da inci da fam yake, mu kuma da santimita da kilo muke aiki: inci ɗaya santimita 2.54 ne, kilo ɗaya kuma fam 2.2. Ƙirjin da ya ba ka santimita 71 inci 28 ke nan, kare mai kilo 30 fam 66 ne. Kada nauyi ya ruɗe ka. Karnuka biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a ƙirji, kuma babbar lamba ta wannan kamfani tana iya zama matsakaiciya a wancan. Awon ƙirji shi ne alƙali, domin ramin ƙafa ana iya faɗaɗa shi da almakashi, tsawo ana iya rage shi, amma faɗin ƙirji yadda ya zo haka zai zauna.

Kaurin robar da aka fi sayarwa milimita 3 ne da milimita 5. Mai 5 ta ruwan ƙanƙara ce, ta fi ɗumi, ta fi tauri, ta fi saurin sa kare zafi. A ganina mai 3 ta wadatar a kusan ko'ina a ƙasar nan, sai fa in maigida yana fita da karnukansa zuwa ƙasashen da tafki ke daskarewa. Wajen rufewa akwai mai zif, akwai mai manne irin na takalmin yara, akwai mai duka biyun. Zif yashi yana cushe shi, kuma in babu leɓen roba a ƙarƙashinsa yana cin gashi. Mannen kuma ƙarangiya da gashi suna cika shi har ya daina kamawa, amma yana ba ka damar ƙara matsewa ko sassautawa, abin da ke da amfani tunda kare yana ramewa in farauta ta yi nisa. Mai duka biyun na fi so. A nemi mai mariƙi a gadon baya don ciro kare daga ruwa ko taɓo, da mai ƙarin ƙyalle mai ƙarfi a ƙirji saboda ƙaya da karyayyen kara. Launin ɓad-da-kama don kada agwagi su hango kare aka yi shi. Inda akwai bindiga fiye da ɗaya da motoci suna kai-komo a daji, launi mai haske da za a hango daga nesa ya fi tsare ransa.

Wasu rigunan ana cusa musu ƙarin kumfa a gefe don su taimaka wa kare ya yi sama a ruwa. Suna rage masa gajiya, amma ba rigar ceto ba ce. In kwari ya kawo ambaliya bayan ruwan sama, babu rigar da ke sa a tura kare ciki. Ruwan da ke jan mota ba zai bar kare ba.

Gwaji a gida ake fara shi, a bushe, kwanaki kafin fita. Wani karen da an sa masa sai ya sandare ya ƙi taku, wannan rashin sabo ne, a bar shi da ita na ɗan lokaci, a yi masa wasa, a ba shi abinci yana sanye. In ya saki jiki sai a duba tafiyarsa ta gaba da ta gefe. Yana gajarta taku? Yana wara ƙafafun gaba? Ramin ƙafar ya matse ke nan. A sa shi ya zauna, ya kwanta, ya yi tsalle ya hau mota. A zura yatsu a kwance ta wuya da ta ciki: su shiga da ɗan ƙoƙari. In dunƙulen hannu ya shige, ta yi yawa. In yatsa ɗaya ma ya ƙi, ko ka ji numfashinsa ya canza, ko yana tari, ta yi kaɗan. Namiji a duba ƙarshen rigar ta ƙasa, kada ta kai gabansa, domin fitsarin da ya taru a cikin roba yana ƙona fata. Macen da ta shayar kwanan nan a lura da nonuwanta.

Bayan nan sai gwajin ruwa, da rana lokacin da gari ya yi ɗumi. Ya yi iyo ya fito, a bar shi kaɗan, a zura hannu a ƙirjinsa ta ƙarƙashin rigar. In ka ji laima mai ɗumi, rigar tana aiki. In ka ji sanyi, ko ruwa ya zubo da yawa ta baya lokacin da ya fito, akwai inda take buɗewa.

Sai hammata, inda kusan duk ɓarnar rigar nan take faruwa. Fatar wurin siririya ce, gashi kaɗan, kuma bakin robar yana gogarta a kowane taku. A ƙasarmu abin ya ninka, domin yashi yana shiga tare da ruwa ya maƙale tsakanin roba da fata ya yi ta kankara. Wuni guda ya isa ya mayar da wurin ja, kwana biyu ya zama gyambo, kare kuma ba zai daina aiki don ya gaya maka ba. Duk lokacin da aka tuɓe rigar a ɗaga ƙafa a duba. In an ga ja ko gashi ya soma zubewa, sai gyara. Niyofirin ba ta warwarewa in an yanka ta, saboda haka ana sa wa kare rigar, a zana inda take cizo da alli, a tuɓe, a rage da almakashi mai kaifi kamar rabin santimita, a sake gwadawa. Kaɗan-kaɗan ake yi, domin abin da aka yanke ba ya dawowa, ramin da ya yi faɗi kuma ƙofar ruwan sanyi ce. A kauce wa layin ɗinki. In dole sai an ratsa shi, a ɗaure bakin zaren da allura ko a ɗiga gam ɗin niyofirin da masu kayan nutso ke sayarwa. Ɗan uwa, kafin almakashi ya taɓa ta ka nuna wa maigida inda take cin karen, ka nemi izininsa. Rigar da aka yanka ba a mayar wa mai shago, kuma bai kamata kyakkyawar niyyarka ta zama abin cire maka albashi ba.

Yanzu ga abin da takardar cikin leda ba ta damu da shi ba, domin masu rubuta ta ba a sahara suke ba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, sai ɗan abin da tafin ƙafarsa ke yi. Da haki yake fitar da zafi. Hunturun arewa kuma fuska biyu gare shi: asuba kusa da sifili, kafin azahar rana ta buɗe har mutum ya tuɓe jaket. Rigar da ta ceci kare da ƙarfe shida na safe ita ce za ta dafa shi da ƙarfe sha ɗaya, musamman baƙa ko mai duhu, musamman in yana gudu. In zafin jikinsa ya haura digiri 41 an shiga haɗarin da ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Za ka ga haki mai tsanani, harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi jajir, tafiya tana tangaɗi. A tuɓe nan da nan, a kai inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a nufi likitan dabbobi ko da ya nuna ya farfaɗo. Ni dai ina ganin a ƙasar nan karnukan da rigar za ta cuta ta hanyar zafi sun fi waɗanda rashinta zai cuta ta hanyar sanyi. Ta ruwa ce da zaman jira. Doguwar tafiya a ƙasa, ko mota mai hita, ko rana ta ɗaga, a cire.

Sanyin ma a san alamunsa, domin riga ba ta rufe kai da ƙafafu da wutsiya. Karkarwa ce farko. Sai kare ya soma nawa, ya ƙi shiga ruwan da ɗazu yake ɗoki, ya dunƙule wuri guda. Mai hankali a nan yake tsayar da farauta. In jiki ya sandare, dasashi ya koɗe, karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi nisa. Ma'aunin zafi na kantin magani ba shi da tsada, a ajiye guda na karnuka kaɗai a mota: ƙasa da digiri 37 sanyi ya shige shi. A tuɓe jiƙaƙƙiyar rigar, a tsane shi da tawul, a naɗe da busasshen bargo, a sa shi cikin mota mai ɗumi. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a jingina ta a ƙirji da ciki. Kada a zuba masa ruwan zafi, kada a kwantar da shi daf da garwashi, domin fatar da sanyi ya kashe ba ta jin ƙuna sai ta ƙone. Akwai kuma wani ciwo da ke biyo bayan iyo a ruwan sanyi, inda wutsiya za ta saki ta rataye, kare yana jin zafi in an taɓa gindinta. Tsokar wurin ce ta wahala, yawanci hutun 'yan kwanaki yana warkar da ita, amma a bar likita ya tabbatar ba karaya ba ce. Maganin ciwon jiki na mutane kuma kada a ba kare, wasunsu guba ne gare shi.

Addini bai bar mu cikin duhu a kan dabbar nan ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, hadisi ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona daga hanin ajiye kare, kuma mun san labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda aka damƙa wa dabba amana aka ba shi. Sai dai a lura da bambancin mazhaba wajen wankin rigar. Mu da muka tashi a Malikiyya mun san kare mai rai ba najasa ba ne, amma Hambaliyya da mafi yawan masu gidajen nan ke bi, da Shafi'iyya, suna ɗaukar yawunsa najasa mai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Don zaman lafiya a ware wa rigar bokitinta da igiyar shanyarta, kada ta shiga injin wankin da ake wanke tufafin salla. Dokar ƙasa ma a kiyaye: Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2019, ita ke sanar da kakar farauta da irin abin da aka yarda a kama, ta manhajar Fitri ake karɓar lasisi, kuma farauta a wuraren da aka keɓe don kare namun daji haramun ce. Baƙo ya tabbatar akwai lasisi kafin ya hau motar.

Wankin kansa ba wuya. Bayan kowace fita a juya cikinta waje, a ɗauraye da ruwan daɗi har yashi da gishiri su fita, musamman in kare ya shiga ruwan fadama mai gishiri. A tsince ƙarangiya daga mannen, a duba ko kaska ta laɓe a layin ɗinki. A shanya a inuwa, domin rana tana busar da robar ta tsattsage. In kaka ta wuce a rataye ta ko a shimfiɗa ta a ɗaki, kada a ninke ta a ƙarƙashin kaya, kumfar da ta danne ba ta tashi. Kada a manta da ita a cikin mota ta yi bazara, zafin motar da aka rufe a Yuli yana gama da ita. In hunturu ya dawo a matsa ta da yatsa: wadda ta yi tauri, ko ta tsage, ko ta zama falan a ƙirji, ta gama aiki. A sake auna karen kuma, domin wata bakwai na hutu da ci suna canza ƙirji.